A Gyara Gidan, Kada a Raba Tsofaffin

Karatu: 2 Sama'ila 19:31-39, Markus 2:1-12
Ayar haddacewa: Littafin Firistoci 19:32

 Ku fara buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta wuraren nan biyu a hankali, sa'an nan ku dawo mu yi tunani tare.

Bara waccan, bayan an gama shigar da amfanin gona, aka aiko kirana wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo. Wani dattijon ikilisiya ne aka sallamo daga asibiti. Hawan jini ya kayar da shi a gona, ya bar shi da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama ba ƙarfi, harshe ma ya yi nauyi. Matarsa kuwa yanar ido ta rufe mata gani, sai dishi-dishi. Sun fi shekara hamsin da aure.

Na tarar 'ya'yansu sun taru, har sun gama shawara. Babban ɗan, wanda yake aiki a Kano, zai tafi da Baba don ya kasance kusa da likita. 'Yar da take aure a Zariya za ta ɗauki Inna, gama babu ɗayansu da yake da ɗakin da zai ɗauki tsofaffi biyu. Gidan kuwa a kulle, wani ɗan'uwa ya riƙa leƙawa. Ina shaida ba mugayen 'ya'ya ba ne, ƙauna ce ta sa suka bar aikinsu suka zo. Abin da suka nema gare ni shi ne in yi addu'ar tafiya lafiya.

Da na durƙusa kusa da Baba, sai ya kama ni da hannunsa mai lafiya, ya ce da ƙyar, "Fasto, ina za su kai ni? A ɗakin nan aka kawo mini ita tana yarinya." Inna tana zaune a bakin tabarma, ta ce, "Fasto, ku gaya musu. Ni ce hannunsa, shi ne idona. In suka raba mu, za su yi jinyar gurgu a Kano, su yi jinyar makauniya a Zariya. In suka bar mu tare, mutum guda ne cikakke."

Ban yi addu'ar tafiya a ranar ba. Na ce wa 'ya'yan mu zaga gidan mu ga abin da zai hana iyayensu zama cikinsa. Muka ƙirga abu biyar. Dokin ƙofa ya yi tsawo, Baba ba zai iya ɗaga ƙafa ya tsallake ba. Ƙofar ɗaki ta yi ƙunci, keken guragu ba zai shiga ba. Shimfiɗa a ƙasa take, in ya kwanta sai mutum biyu sun ɗaga shi. Makewayi yana can bayan turken awaki, kuma sai an tsuguna. Da dare kuwa tsakar gida duhu ne ƙirin. Waɗannan biyar su ne za su kori mutum daga gidan da ya gina da hannunsa, su raba auren shekara hamsin, alhali babu ɗaya cikinsu da ya fi ƙarfin magini da kafinta.

Roƙon Barzillai

Sa'ad da sarki Dawuda ya gudu daga gaban ɗansa Absalom, ya haye Urdun ya sauka a Mahanayim, Barzillai mutumin Rogelim ta ƙasar Gileyad yana cikin waɗanda suka tarye shi da gadaje da tukwane da hatsi da wake da zuma da tumaki (2 Sama'ila 17:27-29). Da yaƙi ya ƙare, Dawuda ya so ya sāka masa. Ya gayyace shi Urushalima ya zauna a fada, sarki ya ɗauki nauyin cinsa da shansa. Wane ne cikinmu zai ƙi irin wannan tayi?

Barzillai ya ƙi. Shekararsa 80, bai kuwa ɓoye rauninsa ba. Ya gaya wa sarki cewa harshensa ya daina rarrabe daɗin abinci, kunnensa ya daina jin daɗin mawaƙa. Abu ɗaya ya roƙa, a ƙyale shi ya koma garinsu, ya cika kwanakinsa kusa da inda aka binne mahaifinsa da mahaifiyarsa. Birni kuwa ya bar wa Kimham, saurayi, wanda birni zai yi wa amfani.

Ku lura da abin da Dawuda ya yi. Sarki ne, da ya ce dole, da ba mai ja. Amma ya saurara. Ya sumbaci tsohon, ya sa masa albarka, ya bar shi ya koma gida. Dawuda ya gane cewa in za ka girmama mutum, sai ka girmama shi da abin da shi yake gani girma ne. Da yawa cikinmu muna so mu kyautata wa iyayenmu yadda zai sauƙaƙa mana, mu kira shi girmamawa.

Me ya sa tsoho yake yanƙwanewa in an tuge shi daga gidansa? Domin gidan ba gini kaɗai ba ne a gare shi. A nan yake da masu zuwa gaishe shi da safe, a nan yake da inuwar da yake zama, da gonar da yake tambayar labarinta, da benci nasa a majami'a. A ƙauye shi Baba ne, ana kawo masa shawara da sulhu. A birni baƙo ne a ɗakin baya, 'ya'ya sun tafi aiki, jikoki sun tafi makaranta, an ja ƙofa. Mai raunin ido kuwa ƙafafunta sun haddace gidanta, ta san taku nawa ne daga ɗaki zuwa randa. Ka kai ta sabon gida, ka makantar da ita sau biyu.

Akwai kuma maganar aure. A Markus 10:9 Ubangiji ya ja kunne a kan raba waɗanda Allah ya gama. Mukan karanta wa ango da amarya wannan aya, mu tsoratar da su kan saki. Amma ayar ba ta tsufa in ma'aurata sun tsufa. Alkawarin da Baba da Inna suka yi, na zama tare cikin lafiya da rashin lafiya, yanzu ne lokacin cika shi ya zo. Kada 'ya'yansu su zama masu hana su.

Shari'ar Allah ta shiga har cikin gini

Wani zai ce, mene ne haɗin dokin ƙofa da ibada? Buɗe Maimaitawar Shari'a 22:8. Gidajen Isra'ila shimfiɗaɗɗen rufi gare su kamar sorayenmu, ana hawa a sha iska ko a shanya kaya. Allah ya umarci mai sabon gida ya kewaye rufin da 'yar katanga, don in wani ya faɗo ya mutu kada alhakin jininsa ya hau kan gidan. Allah bai ce a bar shi ga ƙaddara ba. Ya ɗora wa mai gida nauyin hango hatsari ya tare shi tun bai auku ba.

Buɗe kuma Littafin Firistoci sura 19. Aya 14 ta hana zagin kurma da ajiye wa makaho abin tuntuɓe. Aya 32 ta ce a miƙe wa mai furfura, a ba tsoho girma. Dukan ayoyin biyu an ɗaure su da abu guda, wato tsoron Allah. Kurma ba zai ji zagin ba, makaho ba zai ga wanda ya ajiye dutsen ba, tsoho ba shi da ƙarfin ramawa, amma Allah yana gani. Yadda kake bi da wanda ba zai iya kai ƙararka ba, shi ne ma'aunin tsoron Allah da ke zuciyarka.

Ba wanda ya yi zunubi ranar da aka ɗaga dokin ƙofa. Don a tare ruwan damina aka yi shi. Amma yau ƙafar da take tsallake shi ta yi nauyi, ya zama abin tuntuɓe a ƙofar mahaifinka, kai kuwa kana gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa bayan hatsarin hanya, faɗuwa ce ta biyu wajen kashe mutane cikin hatsarori a duniya, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Mu ma mun sani ba sai an gaya mana ba. Tsofaffi nawa muka binne waɗanda somin ciwonsu zamewa ce a makewayi, ƙugu ya karye, daga nan ba su ƙara tashi ba? Rigakafi ya fi magani.

Ba rashin bangaskiya ba ne?

A ranar da muka zaga gidan, ƙaramin ɗan, saurayi mai himmar addu'a, ya tare ni a zaure ya ce, "Baba Fasto, in muka gina wa keken guragu hanya, ashe ba mun yarda ke nan Baba ba zai tashi ba? Mu furta warkarwa da baki, mu gina shakka da siminti?" Na san ba shi kaɗai yake da wannan tambaya ba, don haka bari in amsa ta a fili.

Mun gaskata Yesu yana warkarwa yau kamar yadda ya warkar a dā. Mun ɗibiya wa Baba hannu, mun shafe shi da mai bisa ga Yakubu 5:14, ba kuwa za mu fasa ba. Amma ku dubi karatunmu na biyu. A Kafarnahum mutum huɗu suka ɗauko shanyayye, suka tarar gida ya cika har ƙofa. Ba su ajiye shi a waje suka ce in Allah ya so zai tashi ya shiga da kansa ba. Suka hau sama, suka buɗe rufin, suka zura shi da shimfiɗarsa har gaban Yesu. Gidan ya hana shi shiga, sai suka sāke gidan. Markus ya ce Yesu ya ga bangaskiyarsu. Da me ya gan ta? Ya gan ta a hannuwansu da suka yi buɗu-buɗu da ƙasar rufi. Bangaskiyar da Yesu ya yaba a ranar, bangaskiya ce mai ɗaukar kaya, mai hawa soro, mai fasa gini saboda wanda ba ya iya tafiya. Yakubu sura 2 ma ta koya mana cewa bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba gawa ce.

Sa'an nan Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana bayin Allah da suka zauna da rauni a jiki ba. Yakubu ya fito daga kokawar Feniyel da albarka, ya kuma fito yana ɗingishi. Ishaku ya tsufa idanunsa suka dushe. Mefiboshet ya gurgunce tun yana ɗan shekara 5, Dawuda ya ba shi wuri a teburin sarki, ya ci abinci a nan dukan kwanakinsa da ƙafafunsa yadda suke. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Ba mu san ranar da Allah ya sa ba, ko hanyar da zai bi. Abin da muka sani shi ne Baba yana bukatar zuwa makewayi yau da dare.

Na ce wa saurayin, "Ɗana, ranar da Baba ya miƙe da ƙafafunsa za mu yi rawa a kan gangaren nan, mu bar shi ga mai juna biyu da mai turo buhun masara a baro. Ba a yi asara ba." Har ma sau da yawa ta kan ƙarfen dafawa warkarwa take zuwa. Masu gashin ƙashi a asibiti suna nanata wa mai shanyewar jiki ya riƙa motsa gaɓoɓinsa kullum. Wanda yake tsoron faɗuwa ba ya tashi, wanda ba ya tashi kuwa ƙarfinsa ƙara tafiya yake yi.

Ina za a fara?

Matar nan ta Shunem da ta ga annabi Elisha yana yawan bi ta garinsu, ta shawarci mijinta suka gina masa ɗan ɗaki, suka sa gado da tebur da kujera da fitila (2 Sarakuna 4:8-10). Abu huɗu kawai, amma kowanne an zaɓe shi domin mai zama a ɗakin. Haka za mu yi. Fara da tambayar su Baba da Inna, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka kwana biyu a gidan, ka bi su da ido daga farkawa zuwa kwanciya, ka ga inda suke tsayawa su ja numfashi. Daga nan ka duba waɗannan:

1. Dokin ƙofa da matakala. A sassare su, ko a yi musu gangare. Ƙa'idar masu gini ita ce, in tudun taku ɗaya ne, tsawon gangaren ya kai taku 12, don kada keke ya ƙwace wa mai turawa. Kada a goge simintin ya yi sulɓi, a bar shi da kaushi. A fitar wa ruwan sama hanya ta gefe.

2. Ƙofa. Faɗinta ya kai kamar santimita 90, keken guragu ya wuce ba tare da an goge hannu ba.

3. Gado. A ɗaga shimfiɗa daga ƙasa zuwa kamar tsayin gwiwa, yadda in ya zauna a baki tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai. A bar fili ta ɓangaren da yake da ƙarfi.

4. Makewayi. Nan ne aka fi faɗuwa, nan ne kuma mutuncin tsoho ya fi zubewa. Kafinta ko mai walda zai iya yin kujera mai rami a tsakiya, mai wurin dafawa, a ɗora ta kan masai da rana, da dare a sa bokiti mai murfi a ƙarƙashinta a cikin ɗaki. A ajiye kujerar wanka mai ƙarfi. A kankare gansakuka.

5. Abin dafawa. A kafa ƙarfen famfo ko itace mai ƙwari a jikin bango, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa makewayi. Ga mai raunin ido, igiya mai kauri da aka ɗaure daidai ƙugu tana nuna hanya.

6. Haske. Fitilar sola ɗaya a ɗaki, ɗaya a hanyar makewayi, tocila a ƙarƙashin matashin kai.

7. Tsakar gida. A cike ramuka, a kawar da turmi da igiyar awaki daga hanya, a rufe bakin rijiya, a cire yagaggiyar leda da tabarma mai naɗewa. A matso da randa kusa. Kayan mai raunin ido kuwa kada a sāke musu wuri sai an gaya mata.

Gyaran gida ba ya ɗauke zuwa asibiti. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, a riƙa zuwa awo a Karaye ko Rogo ko wurin ma'aikacin lafiya mafi kusa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi kamar bayan kowane awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Yanar ido kuwa ana cire ta da ɗan gajeren aiki. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano yana wannan hidima tun zamanin 'yan mishan, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala ga masu matsalar ƙashi da gaɓoɓi. Kada mu bar uwa cikin duhu muna cewa tsufa ne, alhali Allah ya ba likitoci hikimar buɗe idon.

Nauyin wa ne?

Na fari, nauyin 'ya'ya da jikoki ne. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa ibada tana farawa daga gida, da sāka wa iyaye wahalar da suka sha, ya kuma yi magana mai zafi a kan mai bi da ya yi watsi da mutanen gidansa (1 Timoti 5:4, 8). Ubangiji da kansa ya tsauta wa Farisiyawa don sun koya wa mutane su ce dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah, da haka su kuɓuce wa taimakon iyaye (Markus 7:9-13). Bari in faɗa a matsayina na fasto: in kana kawo babban baiko gaban jama'a ana tafa maka, mahaifiyarka kuwa tana rarrafe zuwa makewayi, baikon nan bai rufe wa Allah ido ba. Ka yi wannan, kada ka bar wancan. Lokacin da aka sayar da masara da rake, kuɗi yana hannu, rani ya shigo, ƙasa ta bushe, shi ne lokacin aikin. Kada a jira damina ta sauka.

Na biyu, nauyin ikilisiya ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu sun san gayya tun kafin bishara ta iso ƙasar nan, bai kamata a ce mu da muka karɓi ƙaunar Almasihu mun kasa su ba. A gidan da nake ba ku labari, 'ya'ya suka sayi siminti da ƙarfe, matasan ikilisiya suka ɗebo yashi suka kwaɓa, zumuntar mata ta dafa abinci. Maginin maƙwabcinsu ne, Musulmi, ya ƙi karɓar kuɗin yini ɗaya, ya ce Baba ya taɓa yi masa rana. Cikin Asabar biyu aka gama. Akwai kuma tsofaffi a cikinmu da ba su haihu ba, ko 'ya'yan sun riga su tafiya. Mu ne 'ya'yansu. Tsohon maƙwabci da ba ya zuwa majami'armu ma, dokin ƙofarsa bai fi ƙarfin hannunmu ba.

Ku tuna kuma, ƙarfe da siminti ba sa ɗebo ruwa, ba sa hira. Dole a tsara wanda zai kwana, wanda zai kawo abinci, wanda zai kai su awo. Kada a jibge duka a kan suruka ɗaya ko jika ɗaya har ta gaji ta fara gunaguni, sa'an nan mu ce ba ta da kirki. A yi karɓa-karɓa, na nesa su aiko da abin hannu, su kuma zo da ƙafarsu.

In tashi ya zama dole

Ban ce ko ta yaya sai tsoho ya zauna a ƙauye ba. Yakubu yana da shekara 130 ya bar Kan'ana saboda yunwa. Amma dubi yadda aka yi. Yusufu ya aika da kekunan ɗaukarsa don kada ya sha wahalar hanya. Allah ya yi magana da Yakubu a Biyer-sheba ya kawar masa da tsoro. Aka saukar da shi a Goshen tare da iyalinsa da dabbobinsa, ba shi kaɗai ba. Yusufu kuma ya rantse masa zai mai da shi a binne shi wurin kakanninsa, ya kuwa cika (Farawa 45 zuwa 50). In ciwo ya kai sai kusa da likita, ko babu mai kula ko kaɗan, ko zaman wurin ya zama hatsari, to, a tafi da su. Amma a tafi da su biyun, da yardarsu, a kuma shirya musu ɗakin kafin su iso.

Ku ma iyayenmu, ina roƙonku da ladabi. In 'ya'yanku suka zo da sanda ko kujera ko ƙarfen dafawa, kada ku ce sun mai da ku musakai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bitrus ya so ya hana Ubangiji wanke masa ƙafa, Ubangiji bai yarda ba (Yahaya 13:6-9). Karɓar hidima ma tawali'u ne. Kun ɗauke mu a baya shekara da shekaru, ku bar mu mu sami albarkar riƙe muku hannu.

Matakala uku

Baba da Inna suna nan a gidansu. Bai koma gona ba, amma yana bin ƙarfe da kansa har zaure, ya zauna a karɓi gaisuwa. Shi yake gaya wa Inna wanda ya shigo, ita take ɓalle masa maɓallin riga. Da asuba maƙwabta suna jin muryarsu suna addu'a, suna kiran sunayen jikoki ɗaya-ɗaya.

Ranar Lahadin da aka fara turo shi sujada, sai ga matakala uku a ƙofar majami'a. Matasa huɗu suka ɗaga shi da keken kamar buhun hatsi, jama'a na kallo, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ni da na yi ta wa'azin gyaran gida, kunya ta rufe ni. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. Abin kunya ne a ce sai dokar ƙasa ta tuna wa gidan Allah abin da Littafin Firistoci ya faɗa tun zamanin Musa. Tsofaffi nawa ne suka daina zuwa sujada, muka ce sun yi sanyi cikin bangaskiya, alhali matakala ce ta kore su? Kafin wata ya ƙare muka zuba gangare a ƙofar.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mu duka shanyayyu ne a gaban Allah, zunubi ya hana mu tsallake ƙofarsa. Bai tsaya daga ciki ya ce mu yi ƙoƙari mu hau ba. Ya sauko cikin Yesu Almasihu, ya mutu dominmu, labulen Haikali ya tsage, hanya ta buɗe. Yanzu ma ya tafi shirya mana wuri (Yahaya 14:2-3). Wanda aka yi wa haka, yaya zai kasa sassare wa mahaifinsa dokin ƙofa? In kuwa ba ka riga ka shiga ta wannan hanya ba, yau ka ba Yesu ranka, ƙofar a buɗe take.

Aikin wannan mako

Ka ziyarci iyayenka, ko wani tsoho na ikilisiya. Ka bi hanyar da yake bi daga gado zuwa makewayi, sau ɗaya da rana, sau ɗaya da dare. Ka rubuta abu uku da za a gyara, ka sa ranar farawa, ka gaya wa wani dattijon ikilisiya don ya tuna maka.

Abubuwan addu'a

1. Uba, na gode maka domin iyayen da suka ɗauke ni sa'ad da ban iya tafiya ba.
2. Ka gafarta mini inda na ga abin tuntuɓe a ƙofar tsoho na kau da kai.
3. Ya Yesu Mai Warkarwa, ka taɓa kowane shanyayyen hannu, kowace raunanniyar ƙafa, kowane dusasshen ido a cikin ikilisiyarmu.
4. Cikin sunan Yesu, muna tsauta wa kowane ruhun rabuwa da jayayya a tsakanin 'ya'ya kan kula da iyayensu.
5. Ruhu Mai Tsarki, ka ƙarfafa masu jinya dare da rana, ka sabunta haƙurinsu, ka tanada musu mataimaka.
6. Ka buɗe wa 'ya'yanmu ƙofofin samu, ka kuma ba su zuciyar tunawa da gida.
7. Ka ba tsofaffin ma'auratanmu a Karaye da Rogo da kewaye su cika kwanakinsu tare, cikin salama da mutunci.

Ubangiji ya albarkaci furfurar da ke cikinmu, ya albarkaci hannuwan da za su ɗauki cebur saboda ita. Ya sa mu ma, in kwananmu ya kai, mu sami mai riƙe mana hannu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.